Daga Fagen Yaƙi Zuwa Bakin Rafin Cub: Tafiyata Gonar Iyalin Freeman a Nebraska

Kakana na wajen uba tsohon soja ne. An ɗauke shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, aka kai shi Burma cikin rundunar Afirka ta Yamma, ya dawo a 1946 da akwatin ƙarfe da bargo da 'yan kuɗin sallama. Zaman cikin gari bai karɓe shi ba bayan dawowarsa, sai ya nemi izinin dagaci ya sari daji, shi da kakata suka kafa 'yar tunga, kuma wannan tunga ita ce ƙauyen da aka haife ni. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya gane dalilin da ya sa, lokacin da ƙanena da ke karatun aikin gona a birnin Lincoln na jihar Nebraska ya gayyace ni ziyara, ban roƙe shi ya kai ni New York ko Washington ba. Abin da na roƙa shi ne ya kai ni gonar wani mutum mai suna Daniel Freeman, wanda ya fito daga hidimar yaƙin basasar Amurka ya je ya zauna da iyalinsa a bakin daji, a lokacin da garin da ke kusa da shi bai wuce 'yan bukkoki ba. Ina so in ga yadda wasu mutane suka adana labarin da ya yi kama da na gidanmu, wanda mu muka bari a bakin tsofaffi kawai.

Na bar Kano a watan Oktoba, ana tsakar yankan gero da dawa. Mota na shiga zuwa Kaduna, muka wuce shingayen jami'an tsaro da dama tsakanin Kwanar Dangora da Zariya, wasu su leƙa su ɗaga hannu, wasu su sa direba ya buɗe bayan mota. Daga tashar Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana a wurin wani ɗan'uwa a Abuja, washegari da dare jirginmu ya tashi. Mun yada zango a Jamus, sannan muka ƙetare teku. A filin jirgin da muka fara sauka a Amurka, jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, da kuma aikin da nake yi a gida, na ba shi amsa, ya buga mini hatimi. A wurin binciken kaya kuwa na rabu da ƙullin kilishin da mahaifiyarmu ta aiko wa ɗanta, domin dokar ƙasar ta hana shiga da nama, kuma ni da kaina na bayyana cewa ina ɗauke da shi. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sun tsira bayan an buɗe su an duba. Abin ya yi mini zafi saboda na san yadda tsohuwa ta yi ta jaddada saƙon, amma jami'in ya yi mini bayani cikin mutunci.

Ƙanena ya tarye ni a Omaha da yamma, iska mai sanyi irin ta tsakiyar hunturunmu tana kaɗawa, alhali su a wurinsu sanyin bai ma fara ba. Tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa Lincoln a kan babbar hanya mai lamba 80, kuma a tsakiya muka haye kogin Platte, mai faɗi marar zurfi, yashi ya fito tsibi-tsibi a cikinsa kamar kogunanmu a ƙarshen rani. Kwana uku na yi a Lincoln ina hutawa. Birnin yana da baƙi 'yan gudun hijira da yawa daga Iraƙi da Sudan da wasu ƙasashe, saboda haka naman halal bai yi mana wuya ba, a shagunansu muka saya. Abin da ya fi tsaya mini a rai a birnin shi ne ginin majalisar jiha, doguwar hasumiya wadda a ƙololuwarta aka kafa mutum-mutumin manomi yana watsa iri da hannu, jakar iri a rataye a jikinsa. Jiha ce da ta ɗora mai shuka a saman gidan mulkinta, kuma da na fita cikin karkara na ga dalili.

A rana ta huɗu muka ɗauki motar haya, wadda ta ci mana kusan dala 60 a yini ban da mai, muka fita da sassafe. Na ce wa ƙanena mu fara daga inda labarin ya fara, wato garin Brownville da ke bakin kogin Missouri, ko da yake hakan zai ƙara mana tafiya. Ya ce, "Yaya, garin nan fa ba kowa a cikinsa yanzu." Na ce ai shi ya sa nake son ganinsa. Muka bi ta gabas zuwa Nebraska City, muka karya kudu zuwa Auburn, sannan muka gangara bakin kogi. Tun da muka bar Lincoln ba mu gamu da shingen bincike ko ɗaya ba, kuma ba mu ga mutum yana tafiya a ƙasa ba. Masara da waken soya ne dama da hagu iyakar ganin ido, duk sun bushe sun yi ruwan ƙasa, injin girbi yana tafe yana tada ƙura, wata babbar mota tana binsa a gefe yana zuba mata hatsi. Gonar da a wurinmu sai an tara gayya ta mutum hamsin, a nan mutum biyu ne ke cikinta. Na yi sha'awar aikin ƙwarai, amma shirun karkarar ya dame ni, domin ni na saba lokacin kaka da hayaniyar mata masu sussuka da yara masu kala da jakuna ɗauke da dammuna.

An kafa Brownville a 1854, shekarar da aka buɗe yankin Nebraska ga baƙi masu neman wurin zama, kuma a zamaninsa babbar tashar jiragen ruwa ce. Yau mazaunansa ba su kai 200 ba. Titi ɗaya ne mai gangarawa zuwa kogi, da tsofaffin gine-ginen jan bulo, wasu an mayar da su gidajen tarihi da shagunan littattafai. A nan ne ofishin filaye na gwamnati yake a lokacin yaƙin basasa. Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar mallakar gona ranar 20 ga Mayu 1862, bayan an yi shekaru ana jayayya a kanta. Wakilan jihohin kudu masu riƙe da bayi sun daɗe suna toshe ta, saboda sun san ƙananan manoma masu noma da hannunsu ba za su goyi bayan bauta ba idan yankunan suka zama jihohi, kuma sai da suka ɓalle daga tarayya hanya ta buɗe. Dokar ta ce duk wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da gida, mace ko namiji, ɗan ƙasa ko baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, matuƙar bai taɓa ɗaukar makami a kan gwamnatin Amurka ba, yana iya karɓar eka 160, wato kimanin hekta 65. Kuɗin takardu duka dala 18 ne. Sharaɗin shi ne ya gina wurin kwana, ya noma ƙasar, ya zauna a kanta shekara biyar, sannan ya kawo maƙwabta biyu su shaide shi kafin a ba shi takardar mallaka.

Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863, ranar da sanarwar 'yanta bayi ita ma ta fara aiki. Daniel Freeman, haifaffen jihar Ohio a 1826, wanda ya tashi a Illinois ya kuma yi aikin likita a can, yana Brownville a daren. Yadda shi da iyalinsa suka ba da labarin, yana yi wa rundunar arewa, wato ta gwamnatin tarayya, aikin leƙen hanya da tattara labari, kuma a cikin wannan yawo ne ya ga wani fili a bakin rafin Cub ya sa shi a ransa. Umarni ya zo masa ya koma bakin aiki, ga shi ofis ba zai buɗe ranar sabuwar shekara ba, sai ya sami ma'aikacin ofishin a wurin bikin shiga shekara ya lallashe shi, aka buɗe masa ofis jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na dare ya shigar da takardarsa. Wasu mutane ma sun shigar da tasu a wannan rana a wasu ofisoshi, amma shi ne gwamnati ta riƙa a matsayin na farko. Na tsaya a bakin kogin ina kallon ruwansa mai launin laka, ina tunanin cewa abin da aka fi yayatawa a labarin mutumin nan shi ne aikin 'yan mintoci a cikin dare ɗaya, alhali shekaru 40 da suka biyo baya su ne ainihin abin.

Daga Brownville muka juya yamma a kan hanya mai lamba 136, muka sake ratsa Auburn, muka wuce Tecumseh, tafiyar da ta ɗauke mu awa ɗaya da 'yan mintoci, wadda a keken shanu kwanaki ce. A wani ƙaramin gidan abinci a hanya muka ci soyayyen kifi da dankali, kowannenmu kusan dala 15, domin naman wurin ba mu san yankansa ba. Wani dattijon manomi da ke teburin kusa ya ga hulata ya tambayi daga ina nake, hira ta ɓarke. Ya ce kakan kakansa ma tsohon sojan yaƙin basasa ne da ya zo yankin bayan an sallame shi. Ba abin mamaki ba ne, domin a 1872 an yi wa dokar gyara ta yadda tsohon sojan arewa zai cire shekarun da ya yi a soja daga cikin biyar ɗin, muddin ya zauna aƙalla shekara ɗaya a kan filin, kuma wannan ya jawo dubban tsofaffin sojoji zuwa Nebraska da Kansas. Dattijon ya ce har yanzu gonar tana hannunsu, amma 'ya'yansa duk suna birni, bai san wanda zai karɓa ba. Na gaya masa cewa gonar kakana ita kuma an raba ta gado har kashi ya koma ɗan ƙarami, masu son noma sun fi ƙasar yawa. Ya yi shiru yana jinjina kai, sannan ya ce da za a iya musanya matsala da mun yi.

Mun isa Beatrice bayan la'asar. Mutanen garin suna furta sunan da nauyi a tsakiya, kamar Biyatiris, kuma nan take suke gane baƙo idan ya faɗa ta wata hanya. An kafa garin a 1857 a bakin kogin Big Blue, wasu matafiya da suka haɗu a jirgin ruwa a kan Missouri ne suka yi shawarar kafa shi, suka sa masa sunan 'yar wani alƙali daga cikinsu. Yanzu yana da mutum kimanin 12,000, shi ne hedikwatar gundumar Gage, da ginin kotu na dutse da manyan rumbunan hatsi a gefen layin dogo. Muka kama ɗaki mai gado biyu a wani masauki a bakin hanya kan dala 90, har da karin kumallo na burodi da ƙwai da shayi. Da za mu yi salla ƙanena ya nuna mini alƙibla a arewa maso gabas, abin da jikina ya daɗe bai saba da shi ba, domin tun ina yaro gabas nake fuskanta.

Washegari da hantsi muka yi tafiyar mil huɗu zuwa yamma da gari, inda gonar take. Gwamnatin tarayya ta mayar da ita wurin tarihi a 1936, kuma tun 2021 sunanta Homestead National Historical Park. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ginin baƙi, wanda aka buɗe a 2007, an yi rufinsa da siffar bakin garma mai tsaga ƙasa. Wata ma'aikaciya mai kaki da faffaɗar hula ta gaya mana cewa filin ajiye motocin da muka tsaya a kai eka ɗaya ne cif, an auna shi haka da gangan domin baƙo ya gane girman eka. Na koma na taka shi da ƙafata daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan na yi ƙoƙarin ninka shi sau 160 a zuciyata, na tuna cewa da shanun huɗa da gatari aka tunkare shi. A jikin bangon da ke kai mutum ƙofa an kafa taswirar jihohi 30 da dokar ta shafa, kowace an huda ta gwargwadon ƙasar da aka raba a cikinta. Ramin Nebraska ya kusa cinye rabinta, kashi 45 cikin 100. A faɗin ƙasar an raba eka miliyan 270, kimanin kashi 10 cikin 100 na Amurka duka. An shigar da takardu kusan miliyan 4, amma waɗanda suka kai ga mallaka kimanin miliyan 1.6 ne, sauran fari da fara da bashi da kaɗaici suka kore su, ko suka sayar suka ƙara gaba.

A cikin ginin na fara sanin matar gidan sosai. Matar Freeman ta farko ta rasu a 1861 ta bar 'ya'ya uku. Agnes Suiter, 'yar garin LeClaire da ke bakin kogin Mississippi a jihar Iowa, an yi mata baiko ne da ɗan'uwansa James, sai yaƙi ya ci James. Daniel ya nemi aurenta ta wasiƙa, aka ɗaura a watan Fabrairu 1865, ya ɗauko ta daga gari mai jiragen ruwa da kasuwa ya kawo ta bukkar gungume a bakin rafi, tana da shekara 21. A nan ta haifi 'ya'ya takwas. Mijin ya riƙe muƙamai a gunduma, ya yi shugaban 'yan sandanta, ya yi mai binciken sanadin mutuwa, ya yi alƙalin ƙaramar kotu, ga kuma duba marasa lafiya, wato mutum ne da ƙafarsa ba ta zama a gida. Doka kuwa zama take nema, hayaƙi yana tashi a rufin ɗaki, kaji da saniya suna tsakar gida, a ga alamar rai a wurin kullum. A ganina duk wanda ya karanta sharaɗin dokar ya kuma dubi ayyukan mijin zai gane wanda ya yi zaman. Takardar mallakar da aka bayar a 1869 sunan Daniel ke jikinta.

Nan take kakata ta faɗo mini a rai. Kakana bayan ya sari dajin ya kan tafi fatauci da cin rani wata da watanni, ita ke zaune a tunga da yara, ta ɗebo ruwa daga nesa, ta kori birai daga gona, ta kwana tana jin kukan kura a bayan danga. Ƙauyen da sunansa ake kiransa har yau, ita kuwa jikokin jikokinta da yawa ba su san sunanta na yanka ba.

Gidajen da iyalin Freeman suka zauna ba ko ɗaya da ya rage, amma an ɗauko wata bukka ta zamanin daga wata gona a yankin an kafa ta kusa da ginin baƙi. Wani mai suna George Palmer ne ya gina ta a 1867, faɗinta ƙafa 14 tsawonta ƙafa 16, kuma a cikinta ya zauna da matarsa da 'ya'ya goma. Na leƙa ciki na daɗe. Gungumen an sassaƙe su da gatari, har yanzu ana ganin sawun kowane sara, an cike tsakaninsu da laka kamar yadda muke yaɓe. Akwai murhun ƙarfe, da gado ɗaya, da tsani mai hawa zuwa wani ɗan bene a ƙarƙashin rufi inda yara ke kwana. Ɗakin bai fi zauren gidanmu ba. Bambancin shi ne mu rayuwarmu a tsakar gida take, ɗaki na kwana ne kawai, su kuwa wata uku ko huɗu na hunturu dusar ƙanƙara tana kulle su a ciki, mutum goma sha biyu da girki da wanki da jinya duk a wuri ɗaya. Kuma waɗannan masu sa'a ne da suka sami itace a bakin rafi. Waɗanda suka yi nisa cikin fili, inda babu bishiya ko ɗaya, ƙasa mai saiwar ciyawa suke yankawa kamar tubali su jera ta su yi ɗaki, su ƙona busasshen kashin shanu a madadin makamashi.

Bayan bukkar muka shiga hanyar ƙafa da ta ratsa gonar. Tun 1939 aka daina nomanta aka mayar da kimanin eka 100 ciyawar asali, irin wadda baƙin farko suka tarar. Ina shiga na tsaya cak, domin ciyawar da ta kere ni tsawo, mai jan kara da kai mai rassa uku kamar ƙafar tsuntsu, kamar gamba ce sak. Ƙanena ya yi dariya ya ce ai dangi ɗaya ne a ilmin tsirrai, 'yar'uwar gambarmu ce da ake saƙa zana da ita. Na kama kara ɗaya na murza a hannuna, ƙamshin ma bai yi nisa ba. Saiwarta tana nitsewa ƙasa fiye da tsawon mutum, ta sarƙe kamar tabarma, shi ya sa huɗar farko take buƙatar garmar ƙarfe da shanu masu ƙarfi, kuma iyali ba sa iya fasa fiye da 'yan ekoki a shekara. A iyakar gonar ta kudu akwai layin bishiyoyi masu ƙaya da Freeman ya dasa a matsayin shinge, kamar yadda muke dasa aguwa ko bini-da-zugu, kafin wayar ƙaya ta yaɗu bayan 1874. 'Ya'yansu kore ne masu kurji-kurji, girman babban lemo, sun zube a ƙasa ba mai ci.

A 1874 ɗin ne kuma fara ta sauko wa yankin, ta rufe rana kamar hadari, ta cinye masara da lambu har da ɓawon itace, iyalai da yawa suka ɗaure kaya suka koma gabas. Ranar 12 ga Janairu 1888 guguwar ƙanƙara ta auko da rana tsaka bayan safiya mai ɗumi, ta tarar da yara a makarantu, ta kashe fiye da mutum 200 a faɗin yankin. Iyalin Freeman suna nan duk aka yi waɗannan, ba su tashi ba.

Akwai wani ɓangare na kayan tarihin da ake nunawa a ginin baƙi da ba zan tsallake ba, kuma na yaba wa masu wurin da ba su ɓoye shi ba. Ƙasar da ake cewa gwamnati ta raba kyauta tana da masu ita. Ƙabilun Otoe da Missouria, waɗanda ke zaune a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa, an sa su sun sallama mafi yawan ƙasarsu a yarjejeniyar 1854, aka tsuke su a wani keɓaɓɓen wuri a bakin Big Blue, kudu da Beatrice kaɗan, sannan a 1881 aka kwashe su zuwa yankin da yanzu yake jihar Oklahoma. Wato a lokacin da 'ya'yan Agnes ke tasowa, maƙwabtansu na asali suna tafiya kudu da kayansu a keken doki. Ba na daidaita wannan da abin da ya faru a wurinmu, domin kakana bai zo da bindigar gwamnati ya kori kowa ba. Amma dajin da ya sara ma ba kango ba ne, Fulani suna kiwo a cikinsa, akwai burtali da ya ratsa ta gefensa, kuma gonakin jikokinsa sun cinye wannan burtali tun ina makarantar firamare. Ban taɓa haɗa wannan da rigimar da muke fama da ita kowace kaka ba sai a gaban wannan allo.

Kusa da ƙofar fita akwai wata tsohuwar tarakta mai tsatsa da aka ɗauko daga Alaska. Ta Kenneth Deardorff ce, tsohon sojan yaƙin Vietnam, wanda ya kama eka 80 a bakin kogin Stony a 1974 ya karɓi takardarsa a 1988, kuma shi ne na ƙarshe da ya mallaki ƙasa a ƙarƙashin dokar, wadda aka soke a 1976 aka bar wa Alaska ƙarin shekara goma. Na farko daga yaƙi ya fito, na ƙarshe ma haka. Na tuna yadda gwaggona ke cewa kakanmu bayan Burma ba ya son hayaniya, ƙarar rufe ƙofa ma tana firgita shi, kuma daji ne kawai ya ba shi barci.

Kafin azahar muka je makarantar Freeman, ɗaki ɗaya na jan bulo a bakin hanya, wadda aka gina a 1872 aka yi karatu a cikinta har 1967. Nan ne wurin taron unguwa da zaɓe da ibada a lokacin da babu wani gini na jama'a, kamar yadda masallaci da makarantar allo suke zama alamar cewa tunga ta fara zama gari. A kan wannan makaranta Freeman ya kai ƙara, yana ƙin yadda malama take karanta Baibul da yin addu'o'i da waƙoƙin coci a cikin aji, kuma a 1902 kotun ƙolin Nebraska ta ba shi gaskiya. Maƙwabtansa da yawa ba su ji daɗi ba. Ya nuna mini cewa mutumin mai taurin kai ne, kuma wataƙila irin wannan hali ne ya zaunar da shi inda wasu suka gudu.

Mun ƙare a kan tudun da ke gabashin gonar, inda kabarinsu yake. Daniel ya rasu ranar 30 ga Disamba 1908, Agnes ta rayu bayansa har 1931, ta yi sama da shekara 60 tana da alaƙa da wannan ƙasa, fiye da shi nesa ba kusa ba. Daga wurin ana hango ciyawar tana kwantawa tana tashi da iska har zuwa duhuwar bishiyoyin rafin Cub. Muka sauko muka shimfiɗa darduma a gefen mota muka yi salla, sannan muka kama hanya mai lamba 77 zuwa arewa, mil 40 zuwa Lincoln.

Mako biyu bayan na dawo gida na tafi ƙauye wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a bukkar farko. Na gaishe ta na zauna a bakin tabarmarta, na ce, "Gwaggo, labarin Inna na zo ki ba ni, tun daga ranar da aka kawo ta dajin nan." Ta dube ni ta ce kowa labarin Baba yake tambaya, da Burma da jirgin ruwa. Ta aiki yaro ya ɗauko akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta fito da littafin sallamarsa na soja da gara ta ci gefensa ta miƙo mini, sannan ta tashi da sandarta ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan masallaci, inda wata tsohuwar rijiya take da aka rufe bakinta da itace, ta ce kafin a haƙa wannan, shekara huɗu Inna ta yi tana ɗauko ruwa daga fadama da tulu, da goyo a bayanta. Na kunna na'urar ɗaukar murya a wayata na ajiye a bakin rijiyar, ta ci gaba da magana har aka kira magariba.